Jinin Ranar Alhamis

Ni da ɗan'uwana 'yan biyu ne, irin waɗanda ko mahaifiyarmu sai ta kira ɗaya ta ga wanda zai waiga. Ya riga ni fitowa duniya da minti goma sha biyar, kuma shekara arba'in da huɗu ke nan yana cin moriyar mintocin nan, dole in ce masa Yaya. Ni tela ne. Shi makanike ne, duk layinmu Sifana ake ce masa, har 'yarsa ma in ta yi fushi haka take kiransa a bayan idonsa.

Tun muna yara muka gano amfanin fuska ɗaya. Ni ina tsoron allura kamar mutuwata, saboda haka duk rigakafin da aka zo yi makaranta shi yake karɓa sau biyu, ya fita ta wannan ƙofa ya zagaya ya sake bin layi. Shi kuma lissafi ba ya shiga kansa, sai in rubuta masa jarrabawa. Ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. A ganinmu mutum ɗaya ne aka raba biyu don aiki ya yi sauri.

Da muka girma sai musayar ta koma hanya ɗaya. Yaya yana shan giya. Na faɗa a fili don na gaji da ce wa mutane ba ya jin daɗi. Ni nake zuwa taron iyaye a makarantar 'yarsa in zauna a kujerarsa. Ni nake tsayawa gaban mai mota in sha zagi a kan birkin da ban taɓa gani ba. Matata takan ce, "Kai dai ka zama safayar taya." In ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma can ƙasan zuciyata akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina ganin na fi shi. Ciki ɗaya muka kwanta, nono ɗaya muka sha, ni kuwa ko warin giya ba na so. To me ya rage in ba raunin zuciya ba? Haka nake yanke masa hukunci ina taka keken ɗinki.

Bara idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura, aka kwantar da shi mako biyu. Ranar sallama wata likita ta same mu a bakin gado. Doguwa ce, mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta dube ni ta dube shi, sai na ga fuskarta ta yi haske kamar wadda ta tsinci abin da ta daɗe tana nema. Ta ce suna wani bincike a kan 'yan biyu waɗanda ɗaya yake sha ɗaya ba ya sha, kuma suna gwada wani sabon magani da ake fatan zai rage ƙishirwar giya, tare da zaman tattaunawa kowane mako. Gurabe kaɗan ne. Kowannenmu zai ba da jini, ni ranar Litinin, shi ranar Alhamis, kuma wanda bai zo ranarsa ba za a ba wani gurbinsa. A gabansa ta faɗa, ba ta ɓoye ba, cewa hantarsa ba za ta sake ɗaukar irin wannan kwanciya ba.

Ranar Litinin na je na miƙa hannun hagu, na kawar da kai ina salati har nas ɗin ta yi mini dariya.

Ranar Alhamis da hantsi na biya gareji in raka shi. Na tarar da ƙofa a buɗe, wata tsohuwar mota a kan jak, ƙafafunsa biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta ba sa motsi. Tun kafin in sunkuya warin ya gaya mini komai. Kwana goma sha tara ya yi bai sha ba, ni da kaina nake ƙirgawa da alli a bayan ƙofar shagona.

Na ja ƙafarsa. "Yaya, tashi. Yau Alhamis."

Ya zamo waje a hankali, ya zauna ya jingina da taya, bai kalle ni ba. "Na sani. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Tun jiya da rana nake tunanin allurar nan. Ba tsoronta nake ba, ka san ni. Tsoron abin da za ta gani nake. Sai na ce bari in ɗan kurɓa in samu natsuwa." Ya murza fuskarsa da hannu. "In na je haka korata za su yi. Wa zai ɓata sabon magani a kan wanda ya kasa yin mako uku?"

Ban yi dogon tunani ba, domin hannuna ya riga ya saba. Na ciro rigar aikinsa daga ƙusa na zura. Na dangwali baƙin mai na goga a tafin hannu da ƙarƙashin farce, na shafa kaɗan a wuya, na karɓi katinsa na asibiti. A hanya ina gwada tafiyarsa, wadda yake ɗan jan ƙafar dama. Da na isa na tarar da wata nas ce daban, na ce Allah ya taimake ni. Na miƙa hannun dama don kada ta ga tabon Litinin. Ni da ake riƙewa kafin a yi mini allura, sau biyu a mako ɗaya! Na fito ina jin kaina wani gwarzo. Jini ɗaya ne, ai ba wanda aka cuta.

Bayan mako uku aka kira mu, aka ce mu zo tare.

Ofishin likitar ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, firji a kusurwa da wata shuka a kan taga da ta kusa mutuwa don ƙishirwa. Ta gaishe mu, ta tambayi iyali, sannan ta juyo da kwamfuta ta fuskance mu. A jikin gilashin akwai dogayen layuka biyu, ɗaya a kan ɗaya, kowanne an yanka shi ƙanana ƙanana, wani wuri shuɗi, wani wuri ja, wani wuri fari.

"Na sama jinin Litinin ne," in ji ta. "Na ƙasa jinin Alhamis. Malam Tela, kai mai ido ne a kan zane. Nuna mini inda suka bambanta."

Na matsa kusa na bi su daga wannan gefe zuwa wancan, kamar ina duba ɗinki. "Ba bambanci, Likita," na ce da ƙarfin gwiwata. "Ai dama mun gaya miki, mu ɗaya ne."

"To a nan matsalar take." Ta cire tabarau ta ajiye. "Wanene a cikinku ya zo ranar Alhamis?"

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, sai dai ni ban taɓa zaton mai kayan zai fito daga cikin kwalbar jini ba.

Ta ce tun da gwajin hanta na jinin Alhamis ya fito lafiya lau ta san akwai magana. Da farko ta zaci an rikita kwalabe, har aka tsare ma'aikaciyar ɗakin gwaji da tambayoyi, baiwar Allah ta sake aikin sau biyu tana hawaye. Amma jinin Litinin ya bar ginin tun ranar Talata, ba yadda za a yi ya haɗu da na Alhamis. Da na ji maganar matar nan kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Garin neman gira na kusa tsone wa wata ido.

"Ni ne," na ce. "Amma Likita, don Allah, ta yaya? Ko mahaifiyarmu ba ta iya ba."

Ban ga fushi a fuskarta ba. Ta jawo kujera kusa da mu.

"A cikin kowace ƙwayar jikinka akwai rubutun da ka gada daga uwa da uba. Naka da nasa iri ɗaya ne, in harafi kawai zan bi da wuya in raba ku. Gaskiyarka a nan. To amma in ka shimfiɗa yadi za ka yanka, me kake fara yi?"

"In zana da alli. Nan a yanka, nan a naɗe, nan a bari."

"Jiki ma haka yake yi wa rubutun nan. Yana ɗora masa wasu 'yan alamomi da suke cewa a karanta nan, a rufe nan, a rage wannan, a ƙara wancan. Rubutun ba ya canjawa, alamomin ne suke canjawa. Abin da mutum ya ci, abin da ya sha, hayaƙin da ya shaƙa, tsoron da ya daɗe a cikinsa, shekarun da ya yi, duk suna taɓa su. Ranar da aka haife ku allinku kusan ɗaya ne. Yau ba zai yiwu ya zama ɗaya ba. Wanda ya yi shekara da shekaru yana sha, akwai wuraren da muka san muna ganin sawun giyar a jininsa. Na duba wuraren nan a layin ƙasa ban ga komai ba. Wannan jinin mutumin da bai sha ba ne."

Na dubi bayan hannuna, na dubi jijiyar da ta taso a wurin. Wato duk shekarun nan da nake zaune a kan keke, ina ci ina sha ina barci, akwai abin da yake rubuce ni a ciki, a wurin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta, ba hutu ba mantuwa, kuma bai taɓa rikita ni da Yaya ba ko sau ɗaya. Malamai sun rikita mu, maƙwabta sun rikita mu, matata ma ta taɓa miƙa masa shayina. Ban san lokacin da na ce "Allah mai iko" ba, kuma ba irin wadda ake faɗa don cika baki ba ce.

Sai yanzu Yaya ya buɗe baki. "To ni nawa fa? Yaya yake?"

"Ban sani ba, Malam. Ban taɓa ganin jininka ba." Ta ɗauki biro. "Shekararka nawa ka fara?"

"Goma sha huɗu. A garejin kawunmu, can bakin babbar hanya. Direbobi ne suke ba ni ragowar kwalba, su ce in sha in daina rawar sanyi."

Ta jinjina kai. Ta ce a gwajin da ake yi da ɓeraye an ga cewa wanda aka ba giya yana tasowa, alamomin da ke ƙwaƙwalwarsa, a sashen da ke kula da tsoro da natsuwa, sukan zauna a karkace har ya girma. Sai ya zama mai firgici, ba ya samun sukuni sai ya koma wa kwalba. Ta ce mutum ba ɓera ba ne, jini kuma ba ƙwaƙwalwa ba ne, amma abin da ake gani a mutane bai yi nisa da haka ba.

Ban ji ƙarshen maganarta da kyau ba, don kalmar gareji ta riga ta mayar da ni tsakar gidanmu. Shekarar nan mahaifinmu ya ce ba zai iya riƙe mu biyu a makaranta ba, ɗaya zai bi kawu ya koyi sana'a. Ya nuna ni. Ni ya nuna, da yatsa, na tuna har rigar da ke jikina. Na kwana biyu ina kuka ba na cin abinci. Ranar da motar kawu ta zo, Yaya ya ɗauki ƙullin kayana ya shiga gaba ya zauna. Kawu bai san bambanci ba. Mahaifinmu ya gane bayan kwana uku, ya yi shiru ya bar zancen. Shekara talatin ban taɓa ɗora wannan rana kusa da kwalbarsa na dube su tare ba.

"Ni aka ce in tafi," na ce. Ban san da wa nake ba. "Likita, ni ne aka ce in tafi garejin nan."

Yaya ya yi wata 'yar dariya. "Kai? Da sifanar farko ta faɗo maka a yatsa za ka gudo gida da ƙafa. Bar wannan zancen."

Na tambaye ta, da ni na tafi, da ni ne nake kwance ƙarƙashin mota yau? Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, babu wanda zai iya. Amma ta ce babu wani harafi a jikinsa da babu shi a nawa. Na ji girman kan da na ɗauka shekara da shekaru ya sauka a lokaci ɗaya, ya bar ni da kunya da tausayi da wani tsoro mai sanyi.

"To an gama ke nan," in ji Yaya. "In an rubuta an rubuta."

"A'a. Alli ne fa. Wani yana gogewa, wani ya kama kamar karin da dutsen guga ya danne. A ɓerayen nan an gwada gyara alamomin, aka ga firgicin ya ragu, shan ma ya ragu. A mutane yanzu muke taka tsanin farko. Maganin da muke gwadawa ban yi maka alkawarin komai a kansa ba. Rabin mutanen ma ƙwaya marar magani za su samu, kuma ni kaina ba zan san wa ya samu wanne ba sai an gama." Ta rufe fayil ɗin. "Amma yanzu ba wannan ce damuwarka ba. A takardata, mai wannan kati lafiyayye ne, bai cancanci shiga ba. Yau ƙarfe huɗu ake rufe ɗaukar mutane. Da ka zo ranar nan da warin giya a bakinka, da na ɗauke ka, don masu faɗuwa muke nema, ba waɗanda suka warke ba. Abin da ba zan iya aiki da shi ba shi ne mutumin da ban san ko shi ne a gabana ba."

Na fara roƙo. Na ce laifina ne, shi bai sa ni ba, ai shi mutum ne mai kaza da kaza. Ta ɗaga hannu.

"Malam Tela, tun da kuka shigo na lura, in na tambaye shi kai kake shirin amsawa. Zan rubuta abin da ya faru yadda ya faru, in kai wa shugabannin binciken, in roƙa masa. Amma sai in shi ya zauna ya amsa tambayoyina da bakinsa, ya ba da jininsa da hannunsa, kai kuma kana waje. In bai shirya ba, ku tafi tare, ba dole."

Na dubi Yaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na san kallon da yake yi mini in yana so in fitar da shi daga rami, na kuma shirya. Ya daɗe yana kallon layukan nan biyu, waɗanda duk ni ne.

"Fita," ya ce.

"Yaya..."

"Ka ji abin da ta ce. Fita, kuma ka ja ƙofar."

Na zauna a benci a baranda awa ɗaya da rabi. Ban taɓa jin hannuwana ba su da amfani irin na ranar ba. Masu jinya suna wucewa da kwanuka, wani mai goge ƙasa ya ce in ɗaga ƙafa. Da ya fito akwai auduga manne a hannunsa, idanunsa sun yi ja, bai gaya mini abin da suka tattauna ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana biyar aka aiko cewa an ɗauke shi.

Ba zan ce daga nan komai ya miƙe ba. A wata na biyu ya sake faɗuwa. Amma ranar Alhamis ɗin makon ya wanke fuska ya tafi da ƙafarsa ya faɗa musu, ni kuma na zauna a shago na ɗinke aljihun wani wando a baibai don hankalina ba ya jikina. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji kuwa na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma in sake zuwa ta ɗebi jinina sau uku ta huce.

A wata na shida likitar ta ce in ina so in rako shi, shi ma ya yarda. Wannan karon takarda ta buga mai layi uku. Na sama nawa ne. Na tsakiya nasa ne na ranar da ya kore ni waje. Na ƙasa nasa ne na makon jiya.

Na fara duba na tsakiya. Mafi yawansa kamar nawa yake, amma nan da can, inda nawa yake shuɗi nasa ya yi ja, inda nawa yake ja nasa ya koɗe. Ga garejin kawu, ga direbobi, ga shekara talatin, duk a tsawon tafin hannu. Wannan ne karo na farko da na ga ɗan'uwana shi kaɗai, ba ni a ciki. Hawaye ya zubo mini, ban share ba.

Yaya kuwa layin ƙasa yake bi da yatsa, farcensa da baƙin mai. Ya tsaya a wani wuri. A layin tsakiya wurin ja ne. A na ƙasa ya soma komawa shuɗi. Ya matsa gaba ya sami wani, ya sami wani.

"Waɗannan wa ya goge su?"

"Ba ni ba," in ji likitar. "Ko maganin ne, ko barin shan ne, ko duka biyun, ban sani ba tukuna. Jikinka dai ne ya yi aikin."

"Waɗannan da ba su motsa ba fa?"

"Wataƙila su motsa nan gaba. Wataƙila ka zauna da su har abada. Shi ya sa ba a cewa an gama."

Ya juya hannunsa yana kallon ciki da baya, kamar wanda aka ba shi aron sabon abu.

"Duk abin da na yi masa," ya ce a hankali, "ashe jira yake in ɗan saurara masa."

Da muka tashi tafiya na miƙa hannu in karɓi takardar, don na san aljihunsa, ba abin da yake shiga ya fito da tsabta. Ya janye ta. Ya ninke ta gida huɗu da kyau, ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓalli.

"Wannan tawa ce," ya ce. "In kana so, ka roƙe ta ta buga maka taka."